Tiriliyoyin ceto da waɗanda ke biyansu

A ranar 29 ga Satumban 2008, mako biyu bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers, Majalisar Wakilan Amurka ta yi watsi da buƙatar gwamnatin George Bush ta a ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. Kasuwar hannun jari ta rikito a ranar, kuma sai da aka sha lallashi kafin dokar ta wuce ranar 3 ga Oktoba. A wancan lokaci biliyan 700 adadi ne da ake ambata ana riƙe baki. Shekara goma sha biyu ba su cika ba, a Maris na 2020, Majalisar Dattawan ƙasar ta amince da dala tiriliyan 2.2 na tallafin korona da ƙuri'a 96, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce bai yarda ba. A Disamba aka ƙara biliyan 900, a Maris na 2021 aka sake ɗora tiriliyan 1.9.

Babban bankin ƙasar ma bai zauna ba. Kafin rikicin 2008 kadarorin da ke hannunsa ba su kai dala tiriliyan ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 2014 sun kai tiriliyan 4.5. Da korona ta zo, cikin wata uku kacal, daga Maris zuwa Yunin 2020, ya ƙara kusan tiriliyan uku, bai kuma dakata ba sai da ya doshi tiriliyan tara a 2022. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya ƙiyasta cewa tallafin da gwamnatocin duniya suka sanar saboda annobar ya haura dala tiriliyan 16.

Irin waɗannan alƙaluma kan raba mutane gida biyu. Wasu su ce ai duk buga takarda ne, yaudara ce da za ta fashe. Wasu kuma su ce tunda Amurka ta raba wa 'yan ƙasarta daloli har gida, me ya hana tamu gwamnatin? Ni abin da na tsaya a kai shi ne, ranar da tattalin arziki ya tsaya cak, gwamnatin da ta yi rowa ta fi wadda ta saki hannu ɓarna. Amma ɓarnar da aka gani daga baya, a Washington da Accra da Abuja, ta fito ne daga kuɗin da aka ci gaba da fitarwa bayan ranar ta wuce, sau da yawa ta ƙofar da majalisa ba ta tsaro, kuma ba tare da an rubuta wanda zai biya ba.

Kafin a je nan, dole a warware adadin kansa, domin kanun labarai suna gwamutsa abubuwan da ba jinsi ɗaya ba. Ɗan kasuwa yana iya ba yaronsa kyautar naira dubu ɗari. Yana iya ranta masa. Yana kuma iya raka shi wajen dila ya ce, ba shi kayan dubu ɗari, na tsaya masa. A duk ukun an ambaci dubu ɗari, amma a na farko ne kaɗai kuɗi ya bar aljihu ba dawowa. Daga cikin tiriliyan 16 ɗin nan, sama da kashi ɗaya bisa uku rance ne da tsayawa, kuma da yawa daga ciki ba a taɓa karɓa ba. Shirin biliyan 700 na 2008, wanda ake kira TARP, biliyan 443 ya fitar a zahiri. Bankuna sun biya nasu har da riba, kuma asarar ƙarshe ta tsaya a wajen biliyan 31, akasarinta daga tallafin masu gidaje wanda dama ba rance ba ne. A 2020 babban bankin Amurka ya ce a shirye yake ya sayi takardun bashin kamfanoni har na dala biliyan 750. Abin da ya saya wajen biliyan 14 ne kacal, domin da jin sanarwar, masu kuɗi suka koma suna ba kamfanonin rance da kansu. Mario Draghi, shugaban babban bankin Turai na lokacin, ya fi kowa cin ribar wannan dabara. A Yulin 2012 ya ce babban bankin Turai zai yi duk abin da ya kama don kare kuɗin yuro, kuɗin ruwan da ake cajin Italiya da Sifaniya ya sauko, shirin da aka kafa don cika alkawarin kuwa ba a taɓa kashe ko sisi a cikinsa ba.

Saura batun buga kuɗi, wanda shi ne aka fi rashin fahimta. Babban bankin Amurka ko na Ingila ba ya miƙa wa gwamnati kuɗi hannu da hannu. Gwamnati ce ke zuwa kasuwa ta sayar da takardun bashi, bankuna da asusun fansho da kamfanonin inshora su saya. Daga nan babban banki ya shiga kasuwar ya saye takardun daga hannunsu. Biyan da yake yi kuwa rubutu ne: ya ƙara adadi a asusun da bankin kasuwanci ke da shi a wajensa. Da ya saye da yawa, farashin takardun ya hau, kuɗin ruwansu ya sauka, gwamnati da kamfanoni da masu sayen gida duk su samu rance mai arha. Ke nan an musanya bashi mai dogon wa'adi da ajiya ta yau da kullum a babban banki. Wannan ajiya kuwa ana biyan ta kuɗin ruwa, kuma a nan gizo ke saƙa.

Muddin kuɗin ruwa na kusa da sifili, harkar riba ce zalla. Babban banki na karɓar kamar kashi biyu cikin ɗari a kan takardun da ya saya, yana biyan bankuna abin da bai taka kara ya karya ba, ya miƙa wa baitulmali ragowar. A 2021 babban bankin Amurka ya miƙa sama da dala biliyan 100. Da kuɗin ruwa ya haura kashi biyar, lissafin ya juye: abin da yake karɓa bai motsa ba, abin da yake biya ya ninka sau da yawa. A 2023 ya tafka asarar dala biliyan 114. A Birtaniya abin ya fi fitowa fili, domin baitulmali ce ta tsaya wa shirin na fam biliyan 895. Ta karɓi ribar kusan fam biliyan 124 a shekarun daɗi, sannan daga Oktoban 2022 kuɗi ya fara tafiya ta ɗaya ɓangaren, daga harajin jama'a zuwa Bankin Ingila. Duk wanda ya ce kuɗin babban banki ba shi da mai biya, bai jira ƙarshen lissafin ba ne.

Duk da haka ina tare da masu cewa a saki hannu a ranar tashin hankali, kuma hujjar tana cikin kwatanta rikicin biyu. A 2009 gwamnatin Obama ta samu dala biliyan 787 na farfaɗo da tattalin arziki, da ƙyar da jiɓin goshi, kuma ramin da ake son cikewa ya fi haka zurfi. Rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari, kuma sai a 2014 yawan ayyuka ya koma inda yake kafin rikicin. Shekara shida ke nan na mutanen da suka rasa gidaje, da matasan da suka gama karatu suka zauna. A 2020 ayyuka miliyan 22 suka ɓace cikin wata biyu, rashin aiki ya doshi kashi 15, amma zuwa tsakiyar 2022 an mayar da su. Dalilin ba boyayye ba ne. Kashewar wani ita ce samun wani. Idan mai shago ya rufe, ya sallami yaransa, su kasa biyan haya, mai gida ya kasa biyan banki, banki ya daina ba da rance, sai wani shagon ya rufe. In ba a katse wannan sarƙa da wuri ba, kamfanonin da lafiyarsu ƙalau su ma sai su mutu, kuma kamfanin da ya mutu ba ya tashi don an kawo kuɗi daga baya.

Girka ce ta nuna ɗaya fuskar. An tilasta mata tsuke bakin aljihu a tsakiyar karayar tattalin arziki don ta rage bashi. Abin da ƙasar ke samarwa ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, rashin aiki ya haura kashi 27, bashin kuwa, idan aka auna shi da girman tattalin arzikin, ya tashi daga wajen kashi 127 a 2009 zuwa kusan 180. A farkon 2013 babban masanin tattalin arzikin IMF na lokacin, Olivier Blanchard, ya amsa cewa an raina illar da tsuke aljihun zai yi. An yi wa majinyaci ƙaho ne alhali jini yake nema.

To ina Amurka ta kauce? A ganina, a Maris na 2021. Lokacin an riga an fara allurar rigakafi, shaguna na buɗewa, kuma iyalai da yawa na da tarin kuɗin da ba su samu inda za su kashe ba a lokacin kulle. A kan haka aka ɗora tiriliyan 1.9, har da dala 1,400 ga akasarin mutane bayan 1,200 da 600 na baya. Larry Summers, wanda ɗan jam'iyyar masu mulkin ne kuma tsohon sakataren baitulmali, ya yi gargaɗi tun a Fabrairu cewa kuɗin ya zarce giɓin da ke akwai nesa ba kusa ba. Babban banki kuma ya ci gaba da sayen takardu na dala biliyan 120 duk wata har zuwa Nuwamban 2021, biliyan 40 daga ciki na bashin gidaje, a daidai lokacin da farashin gidaje ke hawa da kusan kashi 20 a shekara. Bai daina sayen ba sai a Maris na 2022, lokacin da hauhawar farashi ta riga ta haura kashi bakwai. A Yuni ta kai kashi 9.1, abin da rabon a gani tun farkon shekarun 1980.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba tallafi kaɗai ya jawo hakan ba. Jiragen ruwa sun yi cunkoso a tashoshi, masana'antun China na rufewa suna buɗewa, sannan Rasha ta afka wa Ukraine a Fabrairun 2022, man fetur da gas da alkama suka yi tashin gwauron zabi. Ƙasashen yuro, da ba su raba kuɗi kamar Amurka ba, hauhawar farashinsu ta kai kashi 10.6, ta Birtaniya 11.1. Amma ko an cire wannan duka, zuba kuɗi a hannun masu saye a lokacin da kaya suka yi ƙaranci ba ya ƙara kaya, farashi yake ƙarawa. Maganin da aka sha daga baya ya yi ɗaci: kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi biyar cikin wata goma sha shida. Bankin Silicon Valley ya cika cikinsa da takardu masu dogon wa'adi a lokacin arha, da kuɗin ruwa ya hau sai darajarsu ta zube, masu ajiya suka kwashe dala biliyan 42 a yini ɗaya, washegari 10 ga Maris na 2023 aka rufe shi. A 2024 kuɗin ruwan da gwamnatin Amurka ta biya a kan bashinta ya zarce abin da ta kashe wa sojojinta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Akwai kuma yoyo, kuma ba a ƙasashenmu kaɗai ake yinsa ba. Mai binciken hukumar ƙananan sana'o'i ta Amurka ya ƙiyasta cewa sama da dala biliyan 200 na rancen korona sun tafi hannun waɗanda ake zargi da damfara. Ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar ya sa na tallafin marasa aiki tsakanin biliyan 100 da 135. A Birtaniya an ba ƙananan kamfanoni rancen fam biliyan 47, gwamnati ta tsaya wa kashi ɗari bisa ɗari, wanda ke nufin bankin da ya ba da rancen ba shi da abin asara in an gudu, don haka ba shi da dalilin tsananta bincike. Ministan da ke kula da yaƙi da damfara, Lord Agnew, ajiye aiki ya yi a Janairun 2022 saboda takaici. Sauri da tantancewa ba sa tafiya tare, sai in an gina hanyar tantancewar tun kafin ranar.

Wanda aka ceta, da sharaɗin da aka gindaya masa, ya fi girman kuɗin muhimmanci. Da Amurka ta ceci kamfanin inshora na AIG da abin da ya kai dala biliyan 182, ta karɓe kusan kashi 80 na hannun jarinsa, ta sauya shugabanni, daga ƙarshe ta sayar ta fita da ribar sama da biliyan 22. Ireland kuwa, a daren ƙarshen Satumban 2008, ta tsaya wa bashin bankunanta gaba ɗaya, kimanin yuro biliyan 400, wato ninki biyu na tattalin arzikinta. Akasarin masu ba bankunan rance, waɗanda suka ci riba a shekarun daɗi, suka tsira da kuɗinsu. Talakawa suka ɗauki yuro biliyan 64, giɓin kasafin 2010 ya kai kashi 32 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa, ita kanta gwamnatin sai da aka zo aka cece ta. Tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga London tun ƙarni na 19 har yau ba ta tsufa ba: a ranar firgici babban banki ya ba da rance ba ƙwauro, amma ga bankin da ke da kadara mai kyau da zai jingina, kuma da kuɗin ruwa mai ɗan zafi don kada a mayar da abin sana'a. Bankin da ya riga ya ruɓe, masu hannun jarinsa ne ya kamata su fara ɗanɗana kuɗarsu.

Najeriya ta yi rabin wannan daidai. A 2009 gwamnan babban banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya zuba naira biliyan 620 a bankunan da suka jigata, ya kori shugabannin takwas daga ciki, kuma babu mai ajiya da ya rasa kuɗinsa. Rabin da ya gagara shi ne karɓo bashin. An kafa kamfanin gwamnati na AMCON a 2010 don ya saye ruɓaɓɓen bashi ya bi masu shi, da niyyar ya gama cikin shekara goma. Har yau yana nan, ana maganar bashin da ya kusa naira tiriliyan biyar, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa mutane da kamfanoni kimanin 350 ne ke riƙe da mafi yawansa. Bankuna na biyan harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kadarorinsu duk shekara don cike ramin, su kuma su fanshe a jikin masu hulɗa da su.

Yanzu sai tambayar masu cewa me ya hana mu yin irin na Amurka. Tallafin korona na Amurka ya kai wajen dala tiriliyan biyar, kusan dala 15,000 ke nan ga kowane mutum. Shirin da Najeriya ta amince da shi a Yunin 2020 naira tiriliyan 2.3 ne, kimanin dala biliyan shida a canjin lokacin, wato wajen dala 30 ga kowane mutum, kuma biliyan 500 ne kaɗai kashewa kai tsaye, sama da tiriliyan ɗaya rancen babban banki ne. Bambancin ba na tausayi ba ne. Amurka na cin bashi da kuɗin da ita ke bugawa, kuma idan duniya ta firgita, dala kowa ke gudu ya nema, sai bashinta ya ƙara arha a ranar da ta fi buƙata. Mu kuwa ranar firgici ita ce ranar da masu zuba jari ke tattara komatsansu, ɗanyen mai ya faɗi, naira ta bi shi. A 2020 an gina kasafi a kan dala 57 kowace ganga, sai da aka dawo da shi 28. Babban bankin Amurka ya buɗe wa manyan bankunan ƙasashe goma sha huɗu hanyar karɓar dala kai tsaye, har abin ya kai kusan biliyan 450, babu ko ɗaya daga Afirka. Da IMF ya raba kuɗinsa na ajiya na dala biliyan 650 a Agustan 2021, an raba ne bisa girman hannun jari, Afirka gaba ɗaya ta tashi da wajen biliyan 33.

Nairar da babban banki ya ƙirƙira kuma ba ta zama a gida. Alkama, magunguna, kayan gyaran injina, da tataccen mai a waɗancan shekaru, duk da dala ake shigo da su. Kuɗin da aka ƙirƙira ya zaga hannu biyu ko uku, sai ya ƙare a wajen ɗan canji yana neman dala. Dalar ba ta ƙaru ba, don haka farashinta ya hau, farashin buhun fulawa ya bi shi.

Wannan ne ya sa nake ganin bashin nan da ake kira Ways and Means shi ne babban darasin Najeriya a wannan fage. Sashe na 38 na dokar babban banki ta 2007 ya yarda a ba gwamnatin tarayya rancen wucin gadi idan kuɗin shiga ya makara, da sharaɗi biyu: kada ya wuce kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigar bara, kuma a biya kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba a rufe ƙofar. A shekarun da kuɗin shiga ke tsakanin tiriliyan huɗu da biyar, iyakar ba ta wuce naira biliyan 250 ba. Bashin bai kai tiriliyan ɗaya ba a 2015. Kafin korona ta iso ya haura tiriliyan takwas, wato ba annoba ce ta buɗe ƙofar ba, ta dai faɗaɗa ta. A Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 bashi na shekara 40 a kan kuɗin ruwa kashi tara, a Disamba aka ƙara tiriliyan 7.3. An kashe kuɗin tukuna, sannan aka je neman izini, majalisar kuma maimakon ta tambayi yadda aka tsallake kashi biyar, sai ta zartar da ƙudurin ɗaga iyakar.

Wannan ya sha bamban da na Amurka da Ingila. A can gwamnati na bi ta kasuwa, majalisa ta amince da kasafi, adadin na fitowa duk mako. A nan rubutu ne kai tsaye a asusun gwamnati, kuma shekaru da dama ba a lissafa shi cikin bashin ƙasa da ake sanarwa ba. Da kuɗin ya cika gari, sai babban bankin ya koma yana kwashe shi ta wata hanya: kason ajiyar jama'a da ake tilasta wa bankuna su killace a wajensa ya tashi daga kashi 27.5 a 2020 zuwa 32.5 a 2022, har ya kai 50 a 2024. Ma'ana, gwamnati ta samu rance ba wahala, mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ya je banki a ce masa babu, ko a yanka masa kuɗin ruwan da ba sana'ar da za ta iya biya. Hauhawar farashi ta tashi daga wajen kashi 12 a farkon 2020 zuwa sama da 22 a Mayun 2023, sannan cire tallafin mai da sakin naira suka kai ta 34.8 a Disamban 2024. Wannan haraji ne da ba a kai gaban majalisa ba, kuma mai albashi da ɗan fansho da mai ajiyar 'yan kuɗinsa a asusu su suka fi biya. Mai fili da mai dala su ƙaruwa suka yi.

Ghana ta bi hanyar har ƙarshenta. A 2020 ta ba da ruwa kyauta da rangwamen lantarki, giɓin kasafi ya haura kashi 11 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa, a kan bashin da dama ya yi nauyi. Da kasuwannin waje suka rufe mata ƙofa, babban banki ya zama mai ba da rance. Sidi ya zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamban 2022, a watan ne kuma ƙasar ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje. Aka sauya wa masu takardun bashin cikin gida sharuɗɗa, tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, Bankin Ghana ya bayyana asarar sidi biliyan 60.8 a shekara ɗaya. Nijar na can ɗaya ƙarshen. Sefa na ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya, babban bankin yankin da ke Dakar ya daina ba gwamnatoci rance kai tsaye tun farkon shekarun 2000, don haka farashi bai yi haukan da ya yi a maƙwabta ba. Amma ɗaurin na da nasa tsada, domin da aka ƙaƙaba takunkumi bayan juyin mulkin Yulin 2023, gwamnati ta kasa taɓa kuɗinta, ta kasa biyan wasu basussukan har zuwa 2024.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Chile ta tara kimanin dala biliyan 20 daga rarar tagulla, ministan kuɗinta ya sha zagi a kan ƙin kashewa, sai ga 2009 ta zo ya fitar da biliyan huɗu ba tare da roƙon kowa ba. Najeriya ma ta shiga rikicin 2008 da kusan biliyan 20 a asusun rarar mai, shi ya sa girgizar ba ta kayar da ita ba. A farkon 2020 abin da ya rage a asusun bai kai dala miliyan 100 ba, sai aka nufi IMF aka karɓo biliyan 3.4. Tanadin kuma ba na kuɗi kaɗai ba ne, har da hanyar isar da shi. Birtaniya ta biya kashi 80 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida ta hanyar rajistar haraji da take da ita. Togo, da ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba, ta yi amfani da katin zaɓe da asusun waya ta tura wa sama da mutum dubu 500 kuɗi a 2020, mata sefa 12,250 a wata, maza 10,500. Najeriya na da gidaje miliyan 2.6 a rajistar marasa galihu lokacin da aka yi kulle, ana raba naira 20,000 a hannu a gaban kyamara, kayan abinci kuwa suka kwana a rumbunan ajiya har jama'a suka fasa su a Oktoba.

Abin da nake so a rubuta cikin doka tun yanzu, lokacin da ba a cikin firgici, ba shi da wuyar fahimta. Duk wani kuɗin gaggawa ya zo da ranar mutuwarsa, wata shida ko shekara, kuma sabunta shi ya buƙaci sabuwar ƙuri'a a bainar jama'a. Kyauta da tallafi su fito daga kasafi, inda za a gan su a kuma yi gardama a kansu. Babban banki ya tsaya ga rance mai jingina ga bankuna, ya fita daga raba wa manoma da 'yan kasuwa kuɗi, domin shirye-shiryensa na irin wannan, da shugabansa na yanzu Olayemi Cardoso ya ce sun haura naira tiriliyan goma, sun nuna cewa wanda ke buga kuɗi ba ya iya bin bashi. Sunan duk kamfanin da ya karɓi kuɗin ceto, da adadin, da abin da ya biya, a wallafa su. Majalisar Amurka sai da ta tilasta wa babban bankinta yin haka a Disamban 2010, bankunan suka yi ta ƙorafi, kuma babu wanda ya rushe saboda an ga sunansa. Sashe na 38 kuwa ba ya buƙatar sabon adadi. Abin da ya rasa shi ne hukunci a kan gwamnan banki da ministan kuɗin da suka sa hannu aka wuce iyaka, da tilascin wallafa ragowar bashin duk ƙarshen wata tare da sauran bashin ƙasa.